Me ake yi a kwana ukun gasar Formula 1, alhali tseren kansa bai kai awa biyu ba?

Tambayar da aka aiko ita ce: ana fara nuna motocin Formula 1 tun ranar Juma'a, amma babban tseren sai Lahadi, kuma da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi. Mene ne amfanin kwana biyun farko? Me ya sa kuma direban da ya fi kowa gudu ranar Juma'a sau da yawa ba shi ke cin tseren ba?

Malam, abu biyu za ka riƙe, sauran bayanin duk a kansu yake tafiya. Na farko, motar da kake gani ranar Lahadi ba a masana'anta aka gama shirya ta ba. A filin tseren ake ƙarasa daidaita ta, cikin awa uku kacal na atisaye, daga nan doka ta kulle ta, sai 'yan ƙananan gyare-gyare kawai aka yarda a yi mata. Na biyu, tayoyin da direba zai yi amfani da su a kwana ukun ƙidayayyu ne, duk wanda ya ƙona ranar Juma'a ba zai same shi ranar Lahadi ba. Alƙaluman da zan kawo na dokokin kakar 2025 ne. A 2026 an sauya injina da siffar motocin, an kuma ƙara ƙungiya ta 11, wato Cadillac, motoci suka zama 22, amma tsarin kwana ukun yana nan.

Aikin Alhamis ba shi da yawan bayani: a haɗa motoci a gareji, injiniyoyi su taka hanyar da ƙafa su duba inda aka sabunta kwalta da inda aka sauya dakalin gefen kwana, direbobi su gana da 'yan jarida. Kuma ba kullum tseren ke faɗawa Lahadi ba. A 2024 an yi na Baharain da na Saudiyya ranar Asabar saboda gabatowar azumin Ramadan, sai aka ja komai baya da kwana ɗaya.

Atisayen farko na Juma'a minti 60 ne, kuma ba gudu ake nema a cikinsa ba. Kowace ƙungiya tana zuwa da saitin da ta riga ta fitar a kwamfuta da na'urar kwaikwayon tuƙi, tambayar farko ita ce ko motar tana yin abin da kwamfutar ta ce za ta yi. Shi ya sa za ka ga an shafa wa fiffiken mota wani fenti mai ƙyalli, kore ko ruwan ɗorawa. Fentin a cakuɗe yake da mai mara kauri, idan mota ta yi gudu sai iska ta ja shi, ya bushe a kan layin da iskar ta bi, a ɗauki hoto a aika masana'anta. Wani lokaci kuma za ka ga an ɗaura wata ragar ƙarfe a bayan tayar gaba, cike da ƙananan bututun awon iska. Hanyar ma a lokacin datti ne da ita, ba robar taya a kanta, don haka santsi take yi. A wannan atisayen ne kuma ake ba sababbin direbobi dama, domin tun 2025 dole kowace mota ta ɗauki sabon direba sau biyu a kaka.

Abin da ake daidaitawa ya fi abin da mai kallo ke zato. Babba daga ciki shi ne girman fiffike. Fiffiken motar tsere kishiyar na jirgin sama ne, ƙasa yake danna motar domin tayoyi su kama kwalta a kwana. Amma duk dannin da ka ƙara, ka ƙara wa motar turjiyar iska a miƙaƙƙiyar hanya. A Monza ta Italiya, inda mafi yawan zagayen a kan totur ake yin sa, siririn fiffike ake sakawa. A Monako, mai tsawon kilomita 3.337 da kwanoni a matse, mafi girma ake sakawa. Birnin Meziko kuwa ya fi mita 2,200 tsayi daga teku, iskarsa ba ta da kauri: ana saka fiffike irin na Monako amma dannin da ake samu bai wuce na Monza ba, kuma lagireto da birki ba sa samun iskar da za ta sanyaya su, sai an buɗe ƙarin tagogi a jikin motar.

Sai tsayin motar daga ƙasa, wanda a motocin 2022 zuwa 2025 shi ne komai. Yawancin dannin iskarsu daga ƙarƙashin motar yake fitowa, gwargwadon kusantarta da kwalta gwargwadon ƙarfinsa. To amma a ƙasan kowace mota akwai wani dogon faranti da ake kira katako, kaurinsa milimita 10, kuma doka ta ce bayan tsere kada ya gaza milimita 9 a wuraren awo. Milimita ɗaya tak aka ba ka ka cinye a tafiyar kilomita 305. Idan ka ɗaga motar don ka tsira, ka yi asarar gudu. Idan ka sauke ta da yawa, ta riƙa gurzar ƙasa a kan tudu da kwari, ka gama tsere a kore ka, wato a soke sakamakonka.

Atisaye na biyu, da yammacin Juma'a, shi ne mafi daraja, kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take. Kashi biyu ake raba shi. Da farko a zuba mai kaɗan, a saka taya mai laushi, direba ya yi zagaye ɗaya ko biyu da iya gudunsa, kwaikwayon abin da zai yi ranar Asabar. Bayan nan a cika tanki, a tura shi ya yi zagaye 10 zuwa 15 a jere ba tsayawa, kwaikwayon Lahadi. Jadawalin da talabijin ke nunawa na kashin farko ne kawai, kuma ba ya gaya maka nawa ne man da ke cikin kowace mota. Lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne kowane kilo 10 na mai yana cin kusan kashi uku cikin goma na sakan a zagaye ɗaya, gwargwadon hanya. Tunda tsakanin mota ta ɗaya da ta goma a wasu filayen bai kai sakan ɗaya ba, ƙungiyar da ta rage kilo 20 za ta iya hayewa saman jadawali ba tare da ta fi kowa komai ba. Haka kuma ba a sakin cikakken ƙarfin inji ranar Juma'a, domin injinan ƙidayayyu ne a kaka, sau da yawa ma tsohon inji ake ɗora wa aikin Juma'a.

Idan kana son sanin gaskiya, dogon zangon za ka bi. Ka duba lokutan zagayen direba ɗaya a jere. Mai yana raguwa, don haka ya kamata motar ta riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Idan ka ga lokacin yana tsaye, taya tana lalacewa daidai da ribar da raguwar mai ke kawowa. Idan lokacin yana ƙaruwa da kashi biyu cikin goma kowane zagaye, wannan motar tana cin taya, kuma ranar Lahadi za ta sha wuya ko da ta tashi daga gaba. Ka lura da agogo ma: a Baharain da Abu Dhabi atisayen farko da na uku da rana tsaka ake yin su a kan kwalta mai zafi, alhali tseren sai rana ta yi sanyi, don haka na biyun ne kaɗai ya yi kama da yanayin tsere.

Batun taya ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanin Pirelli ne kaɗai ke samar da su tun 2011, kuma tun 2022 masu inci 18 ne. Daga jerin robobinsa, waɗanda a 2025 suka kama daga C1 mafi tauri zuwa C6 mafi laushi, yakan zaɓi uku ya kawo kowane fili. Mai jan layi ita ce mai laushi, mai ruwan ɗorawa matsakaiciya, mai fari mai tauri. Na ruwan sama biyu ne, kore don kwalta mai danshi, shuɗi don ruwa mai yawa. Kowane direba saiti 13 yake samu na busasshiyar hanya, kowane saiti taya huɗu: 8 masu laushi, 3 matsakaita, 2 masu tauri. Bayan kowane atisaye dole ya mayar da saiti biyu, ya rage masa 7 na Asabar da Lahadi. Ka ga inda gizo ke saƙa: masu tauri biyu ne kawai. Ƙungiyar da ta gwada ɗaya ranar Juma'a ta san halinta, amma ta rasa ta a tsere. Wadda ta adana duka biyun tana da zaɓi ranar Lahadi, amma za ta hau tayar da ba ta taɓa gwadawa a wannan kwaltar ba.

Kowace roba tana da iyakar zafin da take aiki a cikinsa. Ana ɗumama tayoyin a cikin bargon lantarki zuwa digiri 70 kafin a saka, sauran zafin direba ne zai samar da shi da tuƙi. Lalacewa iri biyu ce aka fi gani, kuma dalilansu sun saɓa. Idan kwalta tana da sanyi, taya ba ta kama ba tana zamewa a kwana, saman robar yakan yage ya dunƙule ƙanana-ƙanana ya manne a fuskarta, sai motar ta zama a kan waɗannan ɓarɓashin take tafiya. Wannan yakan warke da kansa idan direba ya sassauta na 'yan zagaye. Ɗayan kuwa daga ciki yake farawa: cikin tayar ya yi zafi fiye da kima, robar ta kumbura ta fashe, wani yanki ya ɓalle ya bar rami. Wannan ba ya warkewa. Akwai na uku wanda direba ke jawowa: ya taka birki taya ta kulle ta goge wuri ɗaya, sai ta riƙa girgiza sitiyari har ya kasa ganin alamar birki da kyau.

Daren Juma'a aiki ake yi a wuri biyu. A masana'anta, direban na'urar kwaikwayo yakan kwana yana gwada sauye-sauyen da aka ba da shawara, da safe a aiko da sakamako. A fili kuwa akwai sa'o'in da doka ta hana makanikai shiga gareji domin su huta. Atisaye na uku da safiyar Asabar tabbatar da waɗannan sauye-sauye ne kawai, kuma shi ne mafi haɗari ga direba, domin wanda ya fasa mota a lokacin 'yan awoyi kaɗan suka rage wa makanikai kafin neman gurbi, wato fafatawar Asabar da ke tsara inda kowace mota za ta tashi ranar Lahadi.

Neman gurbi kashi uku ne, ana kiran su Q1, Q2 da Q3. Q1 minti 18, a cire motoci biyar na baya. Q2 minti 15, a sake cire biyar. Q3 minti 12, motoci goma su nemi gurbin farko. Wanda lokacinsa a Q1 ya wuce kashi 107 cikin 100 na lokacin mafi sauri, sai da izinin alƙalai zai shiga tsere. Daga lokacin da mota ta fita layin gareji a Q1 ta shiga kulle, dokar da ake kira parc fermé. An yarda a gyara kusurwar fiffiken gaba, a daidaita iskar taya, a zuba mai, a fitar da iska daga birki, a maye gurbin abin da ya lalace da irinsa sak a gaban jami'in FIA, hukumar da ke kula da gasar. Ba a yarda a taɓa sifirin, ko tsayin mota, ko fiffiken baya ba. Wanda ya taɓa, daga layin gareji zai tashi, bayan kowa ya wuce.

A ganina wannan dokar ce ta sa kwana ukun suka zama abu guda. Saitin da ya fi kyau a zagaye ɗaya da tanki wayam ba shi ne ya fi kyau a zagaye 57 da kilo 110 na mai ba. Motar da ke ɗumama taya da wuri tana haskakawa ranar Asabar, ranar Lahadi kuma ta dafa tayar. Dole kowace ƙungiya ta zaɓi inda za ta karkata, kuma filin ne ke faɗa mata. A Monako wuce mota kusan ba ya yiwuwa, don haka komai a Asabar ake zuba shi. A Spa ta Beljiyam, mai kilomita 7.004 da dogayen miƙaƙƙun hanyoyi, gara ka tashi na biyar da motar da ke riƙe taya.

Zagayen neman gurbi kansa daga zagayen fita yake farawa. Direba yana tafiya a hankali don kada ya ƙona tayar mai laushi, wadda a wasu filayen zagaye ɗaya kawai take bayar da ƙarfinta, amma ba a hankali har ta huce ba. Yana cika batir, yana neman tazarar sakan biyar ko shida tsakaninsa da na gabansa don ya samu iska mai tsafta. Kowa yana son fita a ƙarshe, saboda kowace mota da ta wuce tana shimfiɗa roba, hanyar tana ƙara sauri. Haɗarin jira shi ne wani ya fasa, a ɗaga jar tuta ko ruwan ɗorawa, zagayenka ya tafi a banza. A Monza a 2019 kowa ya ƙi shiga gaba don kada a fake a bayansa a ci ribar iskar da ya tsaga, har lokaci ya ƙare mafi yawan motocin Q3 ba su fara zagayensu na ƙarshe ba. Sannan idan tayoyi huɗu suka tsallake farin layin gefe, an soke zagayen.

Gurbin da direba ya samu ba lallai daga nan zai tashi ba. Wanda ya wuce adadin sassan injin da aka yarje masa a kaka, a karon farko gurbi 10 ake mayar da shi baya, na gaba 5, idan hukuncin ya haura 15 sai layin ƙarshe. Ƙungiyoyi kan zaɓi karɓar wannan hukunci da gangan a filin da wuce mota ke da sauƙi.

Sau shida a kaka tsarin yakan sauya, a saka gajeren tsere na kilomita 100 ranar Asabar, mai maki 8 ga na ɗaya har zuwa 1 ga na takwas. A irin wannan makon atisaye ɗaya ne tak, minti 60, tayoyi kuma saiti 12. A nan kurakuran saiti ke fitowa fili. A Austin ta Amurka a 2023, hanya mai yawan tudu da kwari, an kulle motoci tun Juma'a bayan atisaye ɗaya, ranar Lahadi aka kori Lewis Hamilton, wanda ya zo na biyu, da Charles Leclerc saboda katakonsu ya cinye fiye da ƙa'ida. Daga 2024 an buɗe kullen tsakanin gajeren tsere da neman gurbin babban tsere don a samu damar gyara.

Ranar Lahadi ana buɗe layin gareji minti 40 kafin tashi, direbobi su yi 'yan zagaye su ji hanyar, su tsaya a gurabensu, waɗanda ke da tazarar mita 8 tsakanin kowane biyu. Saura minti ɗaya a tayar da injina, saura sakan 15 kowa ya bar hanya. Sai zagayen ɗumi, inda za ka ga suna karkaɗa mota hagu da dama suna taka birki da ƙarfi, domin birkin kabon ba ya kamawa da sanyi, kuma zafinsa yana ratsawa ya ɗumama tayar. Jajayen fitilu biyar su kunnu ɗaya bayan ɗaya, su mutu gaba ɗaya bayan ɗan jinkirin da ba wanda ya san tsawonsa. Kulocin a bayan sitiyari yake, da yatsu ake sakinsa. A sake shi da gaggawa taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, a yi nawa inji ya nemi mutuwa. Tun 2010 ba a ƙara mai a tsakiyar tsere, don haka motar a wannan lokacin ta fi nauyi, birki da taya ba su gama ɗumi ba, motoci 20 kuma suna tunkarar kwana ɗaya.

Tsawon tseren shi ne mafi ƙarancin zagayen da zai haura kilomita 305, ban da Monako mai kusan 260. Iyakarsa awa biyu na gudu, ko awa uku idan an dakatar a tsakiya. A busasshiyar hanya dole direba ya yi amfani da roba iri biyu, wato tsayawa ɗaya aƙalla. Canjin tayar kansa mutum kusan 20 ke yin sa: uku a kowace taya, ɗaya da bindigar noti, ɗaya ya cire, ɗaya ya saka, sai masu jak gaba da baya, da masu riƙe motar a tsakiya, da masu gyara fiffiken gaba. Noti ɗaya ne a kowace taya. Mafi saurin da aka taɓa yi sakan 1.80 ne, ƙungiyar McLaren ta yi wa direbanta Lando Norris a Katar a 2023. Idan bindigar ta hau notin a karkace sai ta cinye haƙoransa, abin da ya fitar da Valtteri Bottas daga tseren Monako a 2021 yana na biyu, don tayar ta ƙi fita sam. Amma asarar gaske ba a tsayuwar take ba. A layin gareji gudu bai wuce kilomita 80 a awa, a wasu filayen 60, don haka shiga da fita kan ci sakan 20 zuwa 25.

Daga wannan adadin duk dabarar ke fitowa. Tsayawa biyu tana nufin ka biya sakan 20 ɗin sau biyu, sai idan sababbin tayoyi za su dawo maka da su kafin tutar ƙarshe. A Hangari a 2019 Hamilton ya kasa wuce Max Verstappen, sai ƙungiyarsa ta Mercedes ta kira shi tsayawa ta biyu a zagaye na 48 cikin 70. Ya fito da tazarar kusan sakan 20, ya riƙa cinye ta yayin da tayoyin Verstappen ke mutuwa, ya wuce shi a zagaye na 67. Ba a yanke irin wannan shawara da ka. Lissafin lalacewar tayar da aka tara ne ya nuna za ta yiwu.

Akwai kuma dabarar riga abokin hamayya shiga. A ce kana bayansa da sakan ɗaya da rabi, ka kasa wucewa saboda iskar da motarsa ke hargitsawa tana rage maka danni tana ƙona maka taya. Ka shiga yanzu, ka fito da sabuwar taya da ta fi tsohuwarsa sauri da sakan biyu. Shi ya shiga a zagaye na gaba, kafin ya fito ka wuce. Abu biyu ke ɓata ta: ka fito a bayan mota mai nawa ka maƙale, ko kuma tayar mai tauri ta ƙi ɗumi a zagayen farko. Inda haka ke faruwa, wanda ya daɗe a waje ne ke cin riba. Daga 2011 zuwa 2025 mai bi yana da taimakon DRS, wato buɗe fiffiken baya a wuraren da aka ware idan yana cikin sakan ɗaya da na gabansa a wurin awo.

Duk wannan lissafi haɗari ɗaya kan rushe shi. Idan motar kiyaye haɗari ta fito, wadda Bernd Mayländer ke tuƙawa tun 2000, kowa ya rage gudu ya jeru a bayanta, tazarar da na gaba ya tara ta tafi, kuma tsayawar canjin taya takan ci kusan rabin abin da take ci a da, tunda waɗanda ke kan hanya a hankali suke tafiya. Wanda ya shiga zagaye ɗaya kafin fitowarta ya yi asara ba laifinsa. Tun 2015, bayan haɗarin Jules Bianchi a Suzuka ta Japan a 2014 wanda ya yi ajalinsa, akwai tsarin da ake umartar kowa ya rage gudu lokaci ɗaya ba tare da motar ta fito ba, tazara kuma ta tsaya yadda take. Jar tuta kuwa tana dakatar da tsere, kuma a lokacin an yarda a canja taya kyauta. Ruwan sama ya fi duka wuyar sha'ani, domin tayar danshi a busasshen layi cikin 'yan zagaye take narkewa, tayar busasshiyar hanya kuma a kan ruwa ba ta da tsagar da za ta kore shi. Injiniyoyi suna da lokacin zagayen da suka san idan an kai shi ɗayar ta fi ɗayar, amma direba ne ke ganin kwaltar, shi ya sa za ka ji ana ta tambayarsa a rediyo.

Hukuncin alƙalai yakan zo da sakan 5 ko 10, a biya su a tsayawa ta gaba ba mai taɓa motar har su cika, ko a ƙara su a lokacin ƙarshe. Wanda ya tara makin laifi 12 cikin wata 12 a hana shi tsere ɗaya, kamar yadda aka yi wa Kevin Magnussen a tseren Baku ta Azarbaijan a 2024. Makin nasara kuwa na goma na farko ne: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1.

Tutar ƙarshe ba ita ce ƙarshen magana ba. Ana auna direba, a auna mota, a ɗebi mai, a duba katakon wasu motocin. Dole a iya zaro lita ɗaya ta mai daga tanki. Sebastian Vettel ya zo na biyu a Hangari a 2021, aka samu kashi uku cikin goma na lita kawai, aka kore shi. George Russell ya ci tseren Spa a 2024 da tsayawa ɗaya, ya yi zagaye 34 a kan saiti ɗaya na taya mai tauri, da aka tsiyaye man aka ɗora motar a sikeli sai ta gaza kilo 798, mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda da shi a lokacin, da kilo ɗaya da rabi, nasara ta koma ga Hamilton. Robar da ta goge daga tayoyin na cikin abin da ya rage nauyin, kuma a Spa ba a yin cikakken zagayen dawowa, wanda a cikinsa ne direbobi ke bin gefen hanya tayoyinsu masu zafi su kwashi ɓarɓashin roba su ƙara nauyi. A Las Vegas a 2025 kuma motocin McLaren biyu, ta Norris da ta Oscar Piastri, katako ne ya fitar da su bayan an gama tsere, a daidai lokacin da direbobin biyu ke neman kambun duniya.